Aikin Likitan Jijiya Nan Gaba

Uban da ɗansa ya gama karatun likita, sa'an nan ya ce zai ƙara shekara biyar ko shida don ya ƙware a ciwon ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi, ba laifi in ya tambaya ko akwai abinci a wannan sana'a. Ya sayar da hatsi, ya sayar da bisashe, yanzu kuma a ce da sauran tafiya.

To, aiki kam ba zai yanke ba. Wannan likita ba shi ne na masu taɓin hankali ba, ko da yake mutane kan gama su. Shi ke duba mai farfaɗiya, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da tsohon da hannunsa ke karkarwa ko mantuwa ta kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya kaɗai sun kai miliyan 50, bakwai cikin goma kuwa za su daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Amma da yawa sai hayaƙi ake yi musu, wai iska ce. Ga hawan jini ya yawaita, ga mutane suna daɗewa a duniya fiye da kakanninsu, tsufa kuwa ba ya zuwa shi kaɗai.

Waɗansu na tsoron na'ura za ta ƙwace aikin. Tun 1971 aka fara ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa a Ingila, har yau likita bai ajiye 'yar gudumar da yake ƙwanƙwasa gwiwa da ita ba. Marigayi Farfesa Osuntokun na Ibadan, da ya danganta wani ciwon tangaɗi da cin rogon da bai jiƙu sosai ba, sai da ya bi abin da mutane ke ci.

Abin da ya kamata uban nan ya tambaya shi ne inda yaron zai zauna. Ingila da Amurka da Saudiyya duk suna kira, albashinsu kuwa ba a gama shi da na gida. Lalle kuɗi za su riƙa zuwa. Amma ran da hannun ƙanen uban ya saki, bakinsa ya karkace, maganin narkar da jinin da ya toshe jijiya sa'a huɗu da rabi ke gare shi, likitan da ya fi kusa kuwa watakila sai asibitin koyarwa na Kano ko Zariya.