Wa ke duba mai dubawa?

Wajen gyaran takardun BEPC, kafin kowa ya ɗauki jan biro, sai an zauna kan takardar amsoshi tukuna. A ɗauko kwafi biyu ko uku, kowa ya ba da maki, a kwatanta. Sabbin malamai kan ga ɓata lokaci ne. Ni kuwa nan na fi sa ido, don kuskuren malami yaro guda yake cuta, amma in amsa ta karkace a takardar, duk yaran ta kwashe.

Ashe masu kula da manyan na'urorin intanet, waɗanda ake kira saba, ciwonsu ke nan. Ba sa saita su ɗaya bayan ɗaya. Umarni suke rubutawa sau guda, manhaja irin su Ansible ta bi na'ura dubu ta aiwatar. In an rubuta daidai, madalla. In lamba guda ta kauce, dubun nan duka za su ɗauka, ba mai cewa uffan. Shi ya sa suke ajiye wata manhaja mai gadi, ta karanta umarni kafin ya wuce.

Ranar Litinin 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa 6. Kamfanin da kansa ya yi bayani: ana cikin aikin gyara na yau da kullum aka ba da wani umarni, ya yanke hanyoyin da ke haɗa cibiyoyinsu. Mai gadin na nan, amma shi ma da aibi a jikinsa, bai tare ba. Sai da injiniyoyi suka taka da ƙafa zuwa inda na'urorin suke.

Maganin da ƙwararru suka sani bai da wuya. A jarraba a na'ura guda kafin sauran, kuma a miƙa wa mai gadi umarnin banza da gangan, a ga ko zai kama.

Yanzu ga lissafin makin ƴaƴanmu yana komawa cikin ordinatar a makarantu, kuma na lura iyaye ba sa musu da takardar da inji ya buga. Duk wanda ya kawo mana irin wannan manhaja, ni dai abin da nake roƙo ɗaya ne: ya bar ni in ba yaro 25 bisa 20 a lissafi, mu zuba ido tare.