Facin Jirgin Faiba a Bakin Guzuguzu

Ƙasar Gwarzo da Kabo ba ta gaji jirgi ba. Gora da koma ne kayan sana'ar su na kaka da kakanni, sai da aka datse ruwa a Guzuguzu da Magaga sannan zurfi ya tilasta wa masunta hawa kwale-kwale. Shi ya sa da wani masunci ya sayo tsohon jirgin faiba mai tsaga a gindi, ya rasa gwanin da zai kai wa. Kafinta ya zo da ƙusa da kwalta, irin na gyaran jirgin katako. Ƙusar ta ƙara tsagar.

A wurin mai gyaran bodin mota a Gwarzo aka dace. Ya jira hunturu ya busar da jirgin ƙayau, domin gam ba ya kama wuri mai danshi, ya kankare bakin tsagar, ya shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi hawa uku, kowanne da gaminsa. Kuɗin aikin bashi ne, karfasa da tarwaɗa ake jira su biya. Masuncin "faci" yake kiran aikin, kalmar masu gyaran taya. Ɗansa kuwa har yau ba ya shiga jirgin sai da ƙwaryar kwarfar ruwa.