Tayar da Ba Ta Je Ko'ina Ba

A ƙofar wani gida a Gumel akwai wata farar bas ƙirar Hiace da ta girmi yawancin yaran unguwar. Mai ita tsohon malamin gona ne da ya ajiye aiki a 2016. Da kuɗin sallamarsa ya saye ta, 'yar kwatano, ya kuma sa mata tayoyi huɗu sababbi fil, domin shi mutum ne da ba ya son yin abu rabi da rabi.

Motar ba ta haya, aikinta a shekara kuma bai taka kara ya karya ba. Da kaka Malam yakan cire kujerun baya, ya shimfiɗa katifa, ya ɗauki risho da buta da gidan sauro, ya tafi gonarsa ta wajen Gagarawa. A cikin motar yake kwana mako biyu ko uku, har a gama yankan riɗi da kakkaɓe shi. Wata Alhamis ɗin yakan leƙa kasuwar Maigatari. Bayan wannan sai biki ko gaisuwar mutuwa. Sauran kwanakin shekara tana tsaye a gindin darbejiya, gefe ɗaya a inuwa, ɗaya gefen rana na dukansa tun daga hantsi har la'asar. Duk Juma'a ana wanke ta. Baƙin mai ba ya wuce lokacinsa. Ko a cikin tsararsa an shaida Malam da adana abu.

Bayan ƙaramar Sallar 2025 aka sa ranar auren autarsa, za a kai ta Sule Tankarkar. A wannan mota za a zuba gwaggonni da ƙannen uwa da jikoki, a ɗora sauran kaya a sama. Saura mako uku Malam ya kai ta wurin mai faci a bakin titi don a daidaita mata iska. Yaron ya tsuguna, ya shafa gefen tayar gaba da tafin hannu, ya daɗe bai ce komai ba.

"Baba, in ba za ka ji haushi ba, tayoyin nan sun gaji."

"Sun gaji da me, yaro? Ina suka je?"

Tambayar tana kan hanya. Zanen tayoyin yana nan da zurfinsa, yatsa na shiga ciki. Yawancin masu mota da wannan suke auna taya: in ba ta suɗe ba, to da sauranta. Ma'aunin gaskiya ne, har ƙasashe da yawa sun sa shi a doka, cewa kada zurfin zane ya gaza milimita 1.6. Sai dai ma'auni ne na abin da titi ya ci kawai. Yaron ya nuna masa wani abu dabam: 'yan tsage-tsage sirara a gefen tayar da cikin kwarin zanen, kamar faso a diddige lokacin hunturu. Malam ya duba, ya ce ƙura ce ta kwanta. Ya biya kuɗin iska ya tafi.

Da daddare ya ba babbar 'yarsa labari a waya, yana dariya. Ita ma'aikaciyar haɗa magunguna ce a Dutse, kuma ba ta taya shi dariyar ba.

"Baba, maganin da ke kan kanta a wurin aikinmu, ko ba a taɓa buɗe kwalbarsa ba, in wa'adinsa ya cika zubar da shi muke yi. Don Allah gobe ka duba min jikin tayar. Akwai inda aka rubuta DOT. Ka karanto min lambobi huɗu na ƙarshe."

Washegari da safe ya ɗauki tabarau ya durƙusa. A taya biyu lambobin suna waje, a sauran biyun sai da jikansa ya shiga ƙarƙashin mota da tocila, domin sau da yawa gefe ɗaya kawai ake buga su cikakku. Duka huɗun abu ɗaya suka nuna: 2314. Tun daga shekarar 2000 haka ake rubuta ranar haihuwar taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wato an ƙera su a mako na 23 na shekarar 2014. Shi yana lissafin shekara tara, ashe sun kusa sha ɗaya, domin sun yi wajen shekara biyu a shago kafin ya saye su a matsayin sababbi. Safayar da ta zo da motar kuwa, wadda ba ta taɓa taka ƙasar Najeriya ba, lambobi uku ne a jikinta: 478. Lambobi uku tsohon tsari ne na kafin 2000. Wannan ta mako na 47 ce a 1998, ta girmi amaryar.

Abin da ya ɗaure wa Malam kai shi ne yadda abu zai lalace alhali ba a more shi ba. Amsar tana cikin yadda ake haɗa taya. Abin da ido ke gani roba ce, amma a ƙarƙashinta akwai zaruruwa da ɗamarar wayoyin ƙarfe, an manne su hawa-hawa, kuma robar ce ke riƙe da su. Iskar da aka ɗura a ciki tana ratsa robar a hankali, sinadarin oksijin da ke cikinta yana ƙeƙasar da ita, yana rage mata danƙo. Daga waje kuma hasken rana da sinadarin ozon suna tsattsaga fatarta. Zafi yana hanzarta duka biyun. A arewacin Jigawa, inda zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba, taya tana tsufa da saurin da ba ta yi a Turai.

Masu ƙira sun san da haka, shi ya sa suke cuɗa robar da wani irin kakin kariya. Amma kakin yana fitowa saman fata ne idan taya tana juyawa, tana lanƙwasa, tana ɗumama. Tayar da ke tsaye wata da watanni ba ta samun wannan, ga nauyin mota ya danne mata wuri guda. Direban haya da ke zirga-zirga tsakanin Gumel da Kano yakan cinye tayarsa tun ba ta kai ga tsufa ba, kuma idonsa na nuna masa ranar da ta ƙare. Mai adana mota, irin su Malam, shi ne shekaru ke yi wa ɓarna a ɓoye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta waɗannan tsage-tsage danshi kan iya kaiwa ga wayoyin, mannin ya saki. Ranar da aka haɗa lodi da gudu da zafin kwalta, fatar sama takan ɓare gaba ɗaya ko tayar ta fashe, ba tare da ta yi gargaɗi ba. In ta gaba ce, sitiyari ke ƙwacewa. In ta baya ce, bayan motar ke juyawa, kuma bas mai kaya a sama ba ta da wuyar kifewa.

Duniya ma da hasarar rayuka ta koyi wannan. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi kimanin miliyan 6.5 a Amurka, bayan jerin haɗurran motocin Ford Explorer da fatar taya ke ɓarewa, kuma an lura abin ya fi yawa a jihohi masu zafi. Daga baya hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta yi binciken tsufan taya a birnin Finiks na jihar Arizona, saboda zafinsa. A Ingila, a watan Satumban 2012, wata babbar bas da ke dawowa daga bikin kaɗe-kaɗe ta kauce hanya bayan tayar gabanta ta fashe, mutum uku suka rasu. Tayar ta haura shekara 19, kuma zanenta bai saɓa doka ba. Mahaifiyar ɗaya daga cikin mamatan, Frances Molloy, ta shafe shekaru tana fafutuka, har a watan Fabrairun 2021 aka haramta sa tayar da ta wuce shekara 10 a gaban manyan motoci da bas-bas a ƙasar.

Kan adadin shekarun kuwa, baki bai zo ɗaya ba. Michelin na cewa a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara da zarar ta cika biyar, kuma kada ta wuce goma ko yaya kyanta yake. Ford na ba da shawarar shida. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun sha nanata shekara huɗu, abin da wasu direbobi ke ganin ya yi tsauri. Malam ya saurari duk wannan daga bakin 'yarsa, ya gane ko da wane mudu aka auna, nasa tayoyin sun wuce.

Saura maganar kuɗi, kuma nan ne gizo ke saƙar. Najeriya ta taɓa ƙera tayarta. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙira a Ikeja a 2008, saboda tsadar wutar lantarki da gogayyar kayan waje. Tun daga nan kusan duk tayar mota shigo da ita ake yi, farashinta yana bin dala. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin taya huɗu ya zama abin da fanshon wata ɗaya ba ya ko kusantarsa. Ga hidimar biki ta riga ta ci kuɗin riɗi.

Wani aminin Malam ya kai shi wurin mai sayar da tayar Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a waje. Tana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, amma ba garin da ba a samunta. An jera su baƙi wuluk, an goge suna sheƙi, zane kamar ba a taɓa hawa ba, kuɗinsu bai kai rabin na sabuwa ba. Da a watan jiya ne, da Malam ya saya ya yi godiya. Yanzu kuwa ya sa tabarau. Ta farko 2016, ta biyu 2013. A jikin ta uku akwai hoton tsauni da ƙanƙara a ciki, alamar tayar hunturun Turai, mai laushin roba, wadda aka yi don sanyin da ya gaza digiri 7. Kuma babu ko ɗaya mai harafin C bayan lambar girmanta. Wannan harafi shi ke nuna tayar ɗaukar kaya: wadda aka rubuta wa 106 tana ɗaukar kilo 950, ta ƙaramar mota mai lamba 91 kuwa kilo 615 ne iyakarta. Mutum goma sha huɗu da akwatuna ba lodin ƙaramar mota ba ne.

Aminin ya ce, "Malam, tafiyar nan fa ba ta kai awa ɗaya ba. Mu da muke hawa irin waɗannan shekara da shekaru, ga mu nan da ranmu."

Malam bai musa ba, domin gaskiya ne yawancin tsofaffin tayoyi suna kaiwa gida lafiya. Abin da ya tsaya masa a rai lissafi ne irin na malamin gona. Ya yi shekaru yana faɗa wa manoma cewa irin da ya daɗe a rumbu ba ya sauya kama, sai an shuka ake ganin gibi, lokacin kuwa damina ta yi nisa. Gibin gona ana cike shi baɗi. Nan kuwa 'yan'uwansa mata ne da jikokinsa za su zauna a kan abin da yake shakka.

Akwai wani ɗan bijimi da yake turka a bayan gida, da niyyar sai Babbar Salla ta matso farashi ya tashi. Ranar Alhamis ya sa aka kai shi karar Maigatari, inda fatake daga Nijar da dillalan kudu ke haɗuwa. An taya ƙasa da abin da ya sa rai, ya sallama. Ranar Asabar ya shiga motar haya zuwa Kano. A shago ya sa aka sauko da tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya karanta kowace kafin ya biya. Biyu ya mayar saboda 2022 ce a jikinsu, aka kawo masa na ƙarshen 2024. Mai shagon ya tambaye shi ko shi tsohon ɗan Rod Sefti ne.

Yaron nan mai faci shi ya ɗaura su. Malam ya sa ya canja har bakin iska, ya kuma tsaya a kansa aka ɗura daidai adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, da safe tun taya ba ta yi zafi ba. Wani direba da ke jiran layi ya ba shi shawara a rage iskar saboda bazara, kada ta fashe. Yaron ne ya amsa: tayar da ba ta cika ba ta fi lanƙwasa, lanƙwasa kuma ita ke haifar da zafin da ke kashe ta.

"Ashe kai ma malami ne," in ji Malam.

"A'a, Baba. Fasassun da ake kawo min ne suke da yawa."

Kuɗin bijimin bai kai ga ta biyar ba. Safayar 1998 an yanka ta gida biyu ta zama kwamin shan ruwan tumaki, aka zaɓi mai dama-dama cikin 'yan 2014 aka rataya a madadinta. Malam ya san ba ta cika sharaɗi ba, ta kai mota wurin mai faci ce a hankali, ba ta tafiya ba. An kai amarya Sule Tankarkar bayan la'asar, aka dawo bayan isha.

Yanzu an kafa wa motar rumfar zana, kuma duk mako yakan tashe ta ya zaga da ita hanyar Maigatari ya dawo, ko ba shi da abin yi a can. A bangon ƙarshe na littafin da yake rubuta lissafin gona ya ƙara layi biyu: ranar ƙirar sababbin tayoyin, sai kuma "safaya, in riɗi ya zo".