Na'urar Da Ba Ta Mantuwa

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, sai ku yi mini uzuri. Magana nake son mu yi a kan wata na'ura da yawancinmu ba mu taɓa kai hannu kanta ba, alhali kuwa abincin marubuta da dama yanzu ta kanta yake bi kafin ya iso baki. Ina nufin miksa ta zamani, wadda ake haɗa muryoyi da ita a situdiyo.

Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san yadda ta juya. Lokacin da na fara, a farkon shekarun 2000, sai ki cika littafin makaranta da biro, ki kai a buga miki a kwamfuta, a wuce da shi maɗaba'a, ya fito na ɗaya da na biyu da na uku, 'yan kasuwa su ɗauka, masu bayar da haya a unguwanni su ma su samu nasu. Yanzu takarda ta yi tsada, waya kuma ta kwashe masu karatu. Da yawa daga cikin waɗanda suka rage ma sun fi son a karanta musu, suna girki ko suna kan keken ɗinki labari na tafiya, ko a rediyo, ko a YouTube, ko a ɗan katin memori. An ce gani ya kori ji, to mu a wajenmu ji ne yake neman ya kori gani.

Wannan ya sa na yanke shawarar mayar da wani littafina na sauraro, kashi 60, kowane kashi kamar minti 20. Ba ni kaɗai zan karanta ba, mu biyar ne: ni mai bayar da labari, sai mai muryar maigida, da uwargida, da amarya, da kuma wata tsohuwa, kakar maigidan, wadda a gaskiya ita ce ƙashin bayan labarin duk da maganarta ba ta da yawa.

Situdiyon da muka fara zuwa tsohuwar miksa gare su, irin mai ɗaruruwan maɓallai jere kamar an shanya gyaɗa. Ita wannan kowane maɓalli aikinsa ɗaya ne, inda ka bar shi nan zai zauna har sai wani ya murɗa. To nan fa matsalar take, domin ba mu kaɗai ke shiga ɗakin ba. Mu fita ranar Asabar, masu waƙar biki su shigo, masu waƙar siyasa su biyo baya, kowa a murɗa masa yadda yake so. In mun dawo wata Asabar ɗin sai mai situdiyon ya ɗauko hoton da ya ɗauki miksar a wayarsa, ya yi ta mayar da maɓallai ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa awarmu tana tafiya, kuma da awa ake biya. Duk da haka ba ta komawa daidai. Da muka jera kashi goma muka saurara, amaryar kashi na uku daban, ta kashi na bakwai daban, har wata ƙawata ta tambaye ni ko na sallami yarinyar farko ne. Yarinya ɗaya ce, maɓallan ne suka sauya.

Daga nan aka kwatanta mini wani situdiyo a wajen Titin Gidan Zu, inda dama can ne matattarar masu wannan sana'a a Kano. Nan na fara ganin miksa ta dijital, ƙirar Behringer X32. Yaron da ke kula da ita bai fi sa'an ƙanena na uku ba, Anti yake ce mini. Ranar farko ya ɓata kusan awa guda yana sa kowannenmu ya yi magana, yana taɓa nan yana taɓa can, ya rubuta sunan kowa a ɗan gilashin da ke saman layinsa. Da ya gama sai ya danna wani maɓalli ya ce, "Anti, shi ke nan na adana. Ko bayan shekara kika dawo, haka za ki same shi."

Na ɗauka cika baki ne irin na samari. Da muka dawo mako na gaba mun tarar wasu masu waƙa sun tashi, komai a hargitse. Ya danna sunan littafina, sai kawai na ga 'yan sandunan nan da ake turawa sama da ƙasa, waɗanda suke kira feda, sun zabura da kansu, kowace ta tafi ta tsaya a inda ya bar ta wancan makon. Mai muryar tsohuwa har da ja da baya tana salati. Ashe kowace sanda da ɗan injinta a ƙarƙashi, guda 25 ne a kan wannan miksar, ita kuma tana karɓar makirufo har 32.

Tun daga ranar na zama mai yawan tambaya, shi kuma bai gaji da ni ba. Abin da na fahimta shi ne, tsohuwar miksa muryarka take ɗauka a matsayin wutar lantarki, ta bi da ita ta cikin wayoyi har ta fita. Ita kuwa ta zamani, da muryar ta shiga sai ta auna ta sau 48,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, ta mayar da ita lambobi. Faifan CD da muka sani sau 44,100 ne nasa. Daga nan duk abin da za a yi wa muryar lissafi ne, kuma shi lissafi ana iya ajiye shi a dawo da shi babu ragi babu ƙari. Kwamfuta ce dai sanye da rigar miksa. Abin ma ba sabo ba ne a duniya, kamfanin Yamaha ya fitar da wata ƙarama tun 1987, sannan a 1995 ya fitar da 02R wadda ta shiga situdiyo da yawa. Zuwan X32 a 2012 da farashi mai sauƙi shi ya sa irinta ta iso hannun masu ƙaramin ƙarfi. Situdiyo da dama a nan ma ba su da ta ƙarfen, a cikin kwamfuta suke haɗawa da manhaja irin su Cubase da FL Studio, amma tsarin aikin duk ɗaya ne.

Kowace murya da layinta, kuma a kowane layi sai ta bi ta wasu matakai. Na farko shi ne ƙarfin da za ta shiga da shi. Akwai fitilu a gefe, kore, sai ruwan ɗorawa, sai ja a can ƙoli inda aka rubuta sifili. Yaron ya ce ita dijital ba ta da kawaici a nan. Tsohuwar miksa in ka ɗan wuce iyaka tana iya shanyewa, wannan kuwa da ka taɓa sifili muryar ta fashe, kuma abin da ya fashe ba ya ɗinkuwa. Don haka kullum yana barin sarari mai yawa a ƙasan jan, musamman a layin uwargida, domin ya san a kowane kashi sai ta yi wa wani tsawa.

Mataki na biyu tacewa ce. Kunnen mutum yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Gurnanin nan da ke biyo wayar lantarki a ƙasarmu sau 50 yake kaɗawa, rugugin janareto da na manyan motoci su ma a can ƙasa suke. Muryar namiji mai kauri kuwa ba kasafai take sauka ƙasa da 80 ba. Sai ya yanke duk abin da ke ƙasa da haka, ɗakin ya yi tsit kamar an rufe taga. Na uku shi ne abin da suke kira kwamfiresa, wadda ke danne ihu don kada ya yi wa raɗa nisa da yawa. Akwai kuma wata da suke kira get, wato ƙofa: in mutum ya yi shiru sai ta rufe layinsa don kada a ji numfashi da motsin takarda, in ya yi magana ta buɗe.

A kan wannan ƙofar muka yi jayayyarmu ta farko. A kashi na 41 tsohuwa tana kwance ba lafiya, ta kira uwargida ta faɗa mata wani sirri da labarin gaba ɗaya ya rataya a kansa. Jimla biyu ce kacal, kuma cikin raɗa. Da aka juyo mana sai na ji farkon kalmomin da ƙarshensu sun gutsure, ƙofar ta ɗauki raɗar a matsayin hayaniya tana ta rufewa. Yaron ya ce abu mai sauƙi, Mama ta ɗaga murya kawai. Na ce masa, "Ƙanena, matar da ta kwana bakwai ba ta ci abinci ba, kuma ba ta son amarya da ke tsakar gida ta ji, ta ina za ta ɗaga murya?" Ya yi shiru, sannan ya ce in ba shi labarin daga farko. Na ba shi a taƙaice. Sai ya kashe ƙofar a layin tsohuwa, ya matso mata da makirufo, ya sa aka kashe fanka muka sha zafi na minti goma, ya ja sandarta sama a daidai wajen. Da aka sake juyowa har rawar numfashinta ana ji. Mai muryar amarya da ke zaune a gefe sai da ta goge ido, ita da ta karanta wajen ya fi sau biyar.

Jayayya ta biyu a kan kiɗa ce da amsa-kuwwa. Yaran nan a waƙar fim suka tashi, kunnensu ya saba da fiyano da murya mai eko, in babu su sai su ga kamar miya ba gishiri. Waƙa tana ɗaukar wannan, labari ba ya ɗauka. Harshenmu da karin sauti da jan wasali yake rarrabe ma'ana. A takarda kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, haka gari na mutane da gari na tuwo, mai karatu ne ke ganewa daga abin da ke kewaye. A kunne kuwa hawa da saukar muryar ce ke faɗa, in kiɗa ya hau kanta ko eko ya jiƙa ta, mai sauraro zai yi ta kokawa da kalma har jimla ta gaba ta wuce shi. Muka daidaita a kan cewa kiɗa zai shigo a farkon kashi da ƙarshensa da wajen sauya wuri, in mutum ya buɗe baki kuma sandar kiɗan ta sauka. Wannan ma ya adana shi.

Wani abu da ya koya mini wanda ban taɓa tunaninsa ba: kada in yarda da manyan lasifikokin situdiyo, komai a cikinsu daɗi yake yi. Duk kashin da muka gama sai ya tura shi a wata tsohuwar ƙaramar waya, ya ajiye ta a kan tebur, ya kunna fanka, mu koma bakin ƙofa mu saurara. In an ji tsohuwa daga nan, to aiki ya yi. Gaskiyarsa kuwa, domin masu sauraronmu ba a ɗaki mai soso a bango suke ba, suna tsakar gida ne, ga turmi ga yara.

Ba zan ce na'urar ba ta da nata halin ba. Tunda kwamfuta ce, in aka ɗauke wuta ba ta dawowa nan take, sai ta gama tashi, kuma wuta mai rawa tana iya yi mata illa, shi ya sa ba sa haɗa ta sai da batirin ajiya. Sannan sandunan shiga 16 ne ke yi wa layi 32 aiki, shafi-shafi, wanda bai lura da shafin da yake kai ba sai ya ja muryar wani yana zaton ta wani ce. Tana kuma riƙe mummunan saiti kamar yadda take riƙe mai kyau. Da an bar ƙofar nan yadda take aka adana, haka za ta yi ta cin maganar tsohuwa har kashi na 60.

Wata bakwai muka yi kafin mu kammala, da azumi a tsakani, da haihuwar da mai muryar uwargida ta yi. Wanda ya saurari kashi na farko da na ƙarshe a jere zai rantse rana ɗaya aka ɗauke su. Gwaggona, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama, ba ta yi boko ba, shekara ashirin da wani abu tana jin ana cewa 'yarta marubuciya ce ba ta san me nake rubutawa ba. Jikokinta suka sa mata a waya. Da ta kai kashi na 41 ta aiko a kira ni, ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya faɗa miki haka tsofaffi suke magana in sun ga tafiya ta zo?"

Don haka 'yan'uwana marubuta, duk wadda za ta kai littafinta situdiyo kada ta miƙa takardu ta koma gida jiran saƙo. Wanda ke zaune gaban miksa shi ke yanke wanda za a ji da wanda zai nutse, kuma sau da yawa bai karanta littafin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki ba shi labarin tun kafin a kunna komai, ki nuna masa wuraren raɗa da na tsawa, ki tambaya ko na'urarsu tana adana saiti, in tana yi ki sa ya adana da sunan littafinki ya kuma kwafa miki a filashi. Ba sai kin iya murɗa ko maɓalli ɗaya ba, amma ki zauna kusa da mai murɗawa, ki saurara a ƙaramar waya kafin ki biya kuɗin ƙarshe.

Mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.