Doki Nawa Ne a Cikinta?

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakunan samari na makarantar nan ya san musu uku ne ba sa ƙarewa: na ƙwallo, na siyasa, da na mota. Na ƙwallo da na siyasa ban cika sa baki ba. Na mota kuwa, ko barci nake aka taɓo shi sai na tashi. Kullum kuma a wuri ɗaya yake tsayawa. Wani zai zaro waya ya nuna hoton mota mai ƙofa biyu, irin ta wasanni, sai a tambaye shi, "Doki nawa ne a cikinta?" Wanda lambarsa ta fi girma shi ya ci musu, alhali yawancinmu ko babur ba mu mallaka ba.

Shekarata ta biyu ke nan ina karatun injiniyan kanikanci, na kuma yi wata huɗu na SIWES a wani gareji da ake kawo irin waɗannan motoci. Ra'ayina shi ne, wannan tambaya ita ce ta ƙarshe da ya kamata a yi game da mota, mu kuma mun mayar da ita ta farko.

Mu fara da dokin kansa. James Watt ne ya yaɗa wannan ma'auni a ƙarni na 18, don ya fahimtar da masu saye yawan dawakan da injinsa na tururi zai maye gurbinsu. Doki ɗaya daidai yake da wat 746. A mota, ana samun lambar ne daga abu biyu: ƙarfin murɗawar inji, da yawan juyin da yake yi a minti ɗaya. Shi ya sa lambar da kamfani ke bugawa ba ta fitowa sai inji ya kusa ƙure juyinsa. Toyota 86 ta 2012 tana da doki wajen 200, amma sai a juyi 7,000 a minti. Wa ke tuƙi a haka tsakanin gida da kasuwa? A cikin gari allurar ba ta cika wuce 3,000 ba. Ke nan dawakan da muke musu a kansu, mafi yawan lokaci a ɗaure suke a turke.

Ga motoci uku da aka fi ambata a musunmu. Toyota 86, wadda aka ƙera tare da Subaru, inji lita 2.0, doki 200, nauyi wajen kilo 1,250. Nissan 350Z ta farko, inji V6 lita 3.5, doki 287, nauyi wajen kilo 1,450. Ford Mustang GT ta 2015, inji V8 lita 5.0, doki 435, nauyi kusan kilo 1,700. A lamba, Mustang ta ninka 86 har da ɗori. Amma raba doki da nauyi ka gani: kowane tan ɗaya na 86 yana da doki wajen 160, na Z wajen 200, na Mustang wajen 260. Tazarar ta ragu tun ba a tayar da mota ba. A miƙaƙƙen titi Mustang za ta bar su a baya, babu gardama. A kwana kuwa, nauyin nan da ta ɗauko sai ta biya kuɗinsa, domin taya da birki ne za su yi fama da shi.

Abin da ya fi burge ni da 86 shi ne da gangan aka yi ta haka. Injinta kwantacce ne, silinda biyu a dama biyu a hagu, don nauyi ya sauka ƙasa. Tayoyin da ta zo da su ma siriri ne, irin waɗanda ake sa wa wani samfurin Prius, don direba ya ji lokacin da bayan motar ya fara zamewa tun gudu bai yi yawa ba. Duk da haka masu ita sun yi ta ƙorafi a kan abu ɗaya: ƙarfinta yana faɗuwa a wajen juyi 4,000, daidai inda mutum ke taka totur zai wuce wata mota. Da aka fito da GR86, an ƙara injin zuwa lita 2.4, doki ya koma 228. Ƙarin doki 28 ba wani abin a-zo-a-gani ba ne a musun ɗaki. Amma ramin nan na tsakiya ya cike sosai, shi ne kuma abin da masu tuƙa ta suka fi yabawa. Wannan shi ake nufi da daɗin tuƙi: motar ta amsa lokacin da ka kira ta.

Na san za a ce mini, to Supra fa? Gaskiya ne. Supra ta 1993, mai injin 2JZ-GTE, an sayar da ita a Japan da lambar doki 280, saboda yarjejeniyar da kamfanonin ƙasar suka yi tsakaninsu ta ƙin wuce wannan lamba, wadda ta ɗore har 2004. A Amurka kuma an rubuta mata 320. Gangar injin baƙin ƙarfe ce mai kauri, shi ya sa ake iya matsa shi har ya kai doki 1,000. Bidiyon da muke kallo ba ƙarya ba ne. Abin da ba a nunawa shi ne sauran kayan da aka canza: fistin, kuloci, famfon mai, lagireto, giya, birki, tayoyi. Ba a kuma nuna irin man da take sha, ko yadda take wahalar da mai ita a cunkoso.

Maigidana na gareji bai taɓa shiga aji irin namu ba, amma tun kafin a haife ni yake kwance inji. Wata rana wani matashi ya kawo Infiniti G35 mai ƙofa biyu, wadda injinta ɗaya da na 350Z. A but ɗinta akwai kwalin turbo da ya yi odarsa ta intanet. Yana son doki 400. Maigida bai ko buɗe kwalin ba. Ya zagaya motar, ya tsuguna a gindin taya, ya kira ni.

"Injiniya, zo ka karanta mana lambar nan."

Lambobi huɗu ne a gefen kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayoyin sun haura shekara takwas, kuma kamfani uku ne a mota ɗaya. Man birki ya yi baƙi kamar shayi. Da aka danna bayan motar sai ta yi ta lilo, alamar shokozoba ta mutu. An yanke sifirin don ta kwanta ƙasa.

Maigida ya ce, "Yallaɓai, dokin da ke cikinta yanzu ma ba shi da linzami. In na ƙara maka wasu, ni za a zo nema ranar da abin ya faru."

Matashin ya yi ta ƙunƙuni, amma ya yarda. Muka sa sababbin tayoyi huɗu iri ɗaya, da shokozoba da sifirin na asali, muka canza robobin ƙafa, muka zuba sabon man birki, muka yi alaimen. A inji ba mu taɓa komai ba sai baƙin mai da fulogi. Bayan mako guda ya dawo yana tambaya me muka yi wa injin, wai motar ta ƙara gudu. Ba ta ƙara ko rabin doki ba. Shi ne dai ya samu natsuwar taka ta, don yanzu tana zuwa inda ya nufa, tana tsayawa inda ya ce.

Lissafin da ke bayan wannan duk mun yi shi a aji. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata tana ninka sau huɗu. Motar da ta tsaya a mita 15 tana kan kilomita 60 a awa, sai ta ci mita 60 in tana kan 120. Duk wannan aiki kuma yana kan wurare huɗu ne inda taya ke taɓa kwalta, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Man birki yana jan danshi in ya tsufa, sai ya tafasa da wuri, ka taka feda ka ji ta tafi ƙasa. Saboda haka jerin da na koya shi ne: taya, birki, ƙafafu, sanyaya inji, sannan ƙarin ƙarfi.

Akwai kuma abin da masu bidiyon Japan da Amurka ba za su gaya mana ba, don ba matsalarsu ba ce. Na farko zafi. Iska mai zafin digiri 40 ta fi mai digiri 20 sakayau da kusan kashi 6 cikin 100, ke nan a watan Afrilu inji ya yi asarar dawaki tun bai bar gida ba. Turbo kuma ƙara wa iska zafi yake. Na biyu mai. Injin 86 yana matse iska sau 12.5, don haka mai mai inganci sosai yake so. A gidajen manmu kuwa fetur iri ɗaya ne, abin da aka zuba maka shi ke nan. In man bai kai ba, inji ya fara ƙwanƙwasa, sai kwamfutarsa ta ja wuta baya don ta cece shi, ƙarfi ya ragu. Wanda ya sa aka taɓa kwamfutar da lissafin man wata ƙasa, fistin ɗinsa yake caca da shi. Na uku hanya. Motar da tun daga kamfani cikinta bai wuce santimita 13 daga ƙasa ba, ka sake rage mata, ta yaya za ta haye tudun rage gudu na unguwarku? Ga kuma al'adunmu na gareji: a cire abin daidaita zafin ruwa a haɗa fanka kai tsaye, a fasa salansa a zare abin tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi. Ƙara za ta ƙaru, kunne ya ji daɗi. Wannan ba doki ba ne, haniniya ce kawai.

Dalilin da ya sa na damu shi ne, saura 'yan watanni mu fita, kuma wannan sana'a nake son yi. Na ga masu mota da yawa da suka ji maganar Maigida suka juya suka tafi wani gareji inda za a ɗaura musu abin da suke so ba tambaya. Kuɗi ne ke fita ta ƙofa yana kallo. Ranar da na buɗe nawa wurin, da haya a kaina, irin wannan zaɓi zai zo mini. Kuma mun san inda wasu daga cikin motocin nan ke ƙarewa: wasan mota a ranar ɗaurin aure, a titin da yara ke tsaye gefe suna tafi. In taya ta fashe a wurin, ba wanda zai tambayi doki nawa ne. Za a tambayi wa ya haɗa ta.

Ba na cikin masu cewa a bar harkar gaba ɗaya. Sha'awar nan ita ta kawo da yawanmu wannan sashe. Abin da muka rasa shi ne awo. Aikin kammala karatu da ni da abokaina biyu muke yi sikeli ne mai faranti huɗu, wanda mota za ta hau ya nuna nauyin da ke kan kowace taya. Da ƙarafan Panteka da na'urorin awo masu araha muke haɗa shi. Ina kuma roƙon ƙungiyar ɗalibai ta tura buƙata biyu ga hukumar makaranta: na'urar gwada ƙarfin mota a ɗakin gwajin sashenmu, da izinin amfani da wani fili a killace, ko da sau ɗaya a zango, inda za a jera robobi a gwada kwana da birki da agogo a hannu, ƙarƙashin kulawar malamai. Masu garejin gari ma za su zo, su biya kuɗin awo.

Kafin nan, in musu ya sake tashi a ɗaki aka nuna maka hoton mota, ka tambayi nauyinta, da shekarun tayoyinta, da irin man da take sha, da mita nawa take ci kafin ta tsaya. In mai wayar ya amsa waɗannan huɗun, sai ku zo kan maganar doki.