Kafin Mu Ce Mu Ɓalle

Ni ɗan Sabon Birni ne. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankinmu nake jin wata magana a bakin samari, har a ɗakin kwananmu na makaranta: "Wallahi gara mu ɓalle, ko mu koma wajen 'yan uwa a Nijar." Na san zafin da ke sa a faɗi haka. Hanyar Isa zuwa garinmu sai da addu'a ake bin ta, wasu ƙauyuka kuma sai sun biya mutanen daji kafin su taɓa gona. Amma fa garinmu kansa ɓallewa ce ta haife shi, ya kamata mu san inda ta kai.

Bayan Alƙalawa ta faɗa hannun masu jihadi a 1808, Gobirawa suka warwatse. A yaƙin Gawakuke, a 1836, aka kashe Sarkin Gobir Ali, waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, Mayaƙi na jagorantarsu. Wajen 1860 Ɗan Halima ya saɓa da Sarkin Gobir Bawa ɗan Gwamki, ya fice da jama'arsa. Shi kaɗai ba zai iya tsayuwa ba, sai ya nemi Sakkwato, abokiyar gabar iyayensa. Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ya yarje masa ya kafa gari kusa da kufan Alƙalawa. Shi ne Sabon Birni.

To, wanda ya ba ka fili ai shi ke da ta cewa. Sabon Birni ta sha yi wa Sakkwato tawaye, amma ga Isa a kusa, a hannun zuriyar Muhammadu Bello, tana sa ido. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, suka ja iyaka da Faransawa, Tsibiri ta faɗa can, mu kuma muka zama gunduma a ƙarƙashin Sakkwato.

Abin mamaki, a shekarar Gawakuke ɗin nan ce Texas ta ɓalle daga Meziko ta zama jamhuriya, da tutarta da shugabanta. Bashi ya yi mata katutu, ga tsoron Meziko kullum. A 1845 Amurka ta haɗiye ta, da yardar mutanenta. Shekara tara ke nan kacal.

Ƙaramar ƙasa ba ta ɓallewa sai da majingina, majinginar kuma ita ke zama ubangida. Yau in mun ɓalle, wa za mu jingina da shi? Mai bindiga mafi kusa da mu ɗan daji ne, kuma ya riga ya fara karɓar haraji.

Bana zan gama difloma, in Allah ya so, gida kuma zan koma. Abin da nake nema daga Sakkwato da Abuja haƙƙi ne: tunda mu nasu ne fiye da shekara ɗari, su tsare mana hanya, mahaifina ya koma gonarsa ba tare da ya biya kowa ba.