Rabin Fuskar Kakana

Bayan rasuwar kakarmu, muna cikin kwashe kayan ɗakinta a Gezawa muka tarar da wani ƙyalle mai kauri a naɗe bayan adaka. Ashe zane ne na fentin mai: dalar gyaɗa uku, ga wani mutum tsaye riƙe da jaki. Kakanmu ne, wanda ya shekara da shekaru yana kai gyaɗa Kano, kafin farin 1973 da cutar gyaɗar 1975 su karya sana'ar. Ba mu da wani hotonsa sai wannan.

Gara ta ci gefe guda, yoyon damina ya bar tabo, hayaƙi ya dafe saura. Abin da ya fi ciwo, rabin fuskar ya zube.

Ƙanena har ya ɗebo ruwa da sabulu, Allah ya sa na tare shi. Na kai wa wani malami da ya karanci zane a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Shi ya ganar da ni cewa laifin ba na gara kaɗai ba ne. Ƙyalle yakan saki ya kuma takure tsakanin laimar damina da bushewar hunturu, tsohon fenti kuwa ba ya iya bin sa, sai ya tsattsage. Naɗewar da aka yi masa, fenti daga ciki, ita ta ƙarasa ɓarnar.

Wata huɗu ya yi yana aikin. Ya fara manne ɓawon fentin da danko ta saman takarda marar kauri, sannan ya bi hayaƙin da auduga a bakin tsinke, kamar faɗin farce a kowane zama. Daga ƙarshe ya liƙa sabon ƙyalle ta baya.

A kan fuskar muka saɓa da Baffa.

"Ai kamarmu ɗaya," in ji shi. "Ya dube ni ya cike gurbin mana."

Malamin ya ƙi. Ya ce in ya yi haka, jikokinmu za su riƙa kallon Baffa suna yi wa wani addu'a. Ban ɓoye ba, ni ma na so ganin fuskar a cike, amma na bi bayansa. Ya shafe gurbin da launin ƙasa, irin wanda ake iya cirewa ba tare da an taɓa na asali ba.

Baffa bai huce ba har yau. Sai dai ranar da aka rataye zanen a zaure ya daɗe tsaye a gabansa, sannan ya nuna idon da ya tsira.

"Wannan dai nasa ne," ya ce, ya sa takalmansa ya fita.